Gishirin Keana da Yadda Yaro Ke Zaɓen Maigida

Matan Alago ne ke dafa gishirin Keana, amma ba su ne ke kai shi Keffi da Zariya da Bauci ba. Tsakanin tukunyar da ke kan murhu da mudun da ke kasuwar nesa a da akwai wasu mutane da ba a cika tunawa da su ba idan ana bikin gishiri na Oyarore, wato yaran fatake, samarin da suka baro garuruwansu ba jari ba jaki, suna neman wanda zai ɗauke su. Kakana na wajen uwa yana cikinsu a zamanin Turawa, kuma a bakinsa na fara jin cewa neman ubangida ya fi ɗaukar kaya cin rai.

Keana tana kudu maso gabas da Lafiya, ta hanyar Obi. Tarihin baka na Alago ya ce daga Kwararrafa suka fito, Andoma ya kafa Doma, Akyana Adi kuma ya zauna a nan saboda ruwan gishirin da ya tarar. Har yau sarkin garin Osana ake kiransa. Aikin dafa gishirin na rani ne, kuma wanda ya taɓa tsayawa a bakin tafkin gishirin ya san ba wasa ba ne. Mace za ta ɗebo ruwan, ta yayyafa a kan filinta, rana ta busar, ta kankaro ƙasar da ta yi fari, ta zuba a tukunya mai huda a gindi, ta sake kwara ruwan gishiri a kai. Abin da ya tsatso shi take dafawa, hayaƙi na cin idonta, har ruwan ya ƙone ya bar farin gishiri. Masanin tarihi Paul Lovejoy, a littafin da ya fitar a 1986 kan cinikin gishiri a wannan yanki na Afirka, ya sa Keana da Awe da Azara cikin manyan wuraren da ake samun gishiri a kwarin Binuwai. Ga kantun Bilma daga Sahara, ga mangul daga ƙasar Manga, amma mutanen tsakiyar ƙasar nan gishirin Binuwai ne ya fi kusa da miyarsu.

Inda kaya ke da daraja, nan Bahaushe ke sauke buzunsa. A ƙarni na 19 Lafiya tana bin Bauci, Keffi da Nasarawa suna bin Zazzau, ayari kuma na ratsa tsakaninsu. Ayari yana da madugu, yana da jagaba da ke gaba, yana da uban dawaki. A garin da aka sauka akwai fatoma, mai masaukin baƙi, wanda ke ajiye kaya ya tsaya wa baƙo, da dillali mai haɗa ciniki ya karɓi la'ada. A ƙasan duk waɗannan sai yaro. Shi ke ɗaure kaya, shi ke kwana a kansu a zango, kuma idan an isa kasuwa shi ake bari da mudu ya yi ta kiri har rana ta faɗi.

Ba a rubuta takardar neman aiki a lokacin. Ana zama ne a ƙofar gidan fatoma. Kakana ya ce tun asuba samari ke jeruwa a zaure, kowa ya wanke rigarsa ɗaya tilo, duk attajirin da ya fito a miƙe a gaishe shi, a yi rige-rigen karɓar butarsa. Wani ya kwana da yunwa amma ba zai yarda a gani a fuskarsa ba, don ba mai ɗaukar yaron da ya ga alamar zai ci masa uwar kuɗi. Tambayar farko kullum ita ce, "Ɗan wane ne kai, wa ya san ka?" Wanda ba shi da mai tsaya masa, rani zai ƙare yana zaure.

Saboda wannan matsi ne kakana ya bi mutumin farko da ya ce masa taso. Ya yi masa rani guda cur. Mutumin yana da mudu biyu, babba na saye, ƙarami na sayarwa. Yana karɓar gishiri bashi a hannun matan Keana ya yi ta yi musu gobe-jibi. Ruwan bazara ya tare su a hanya ya narkar da rabin kaya, sai ya lissafa asarar a kan yaransa, ya ce ba su rufe da kyau ba. Kakana ya dawo ba ko anini, ga tabon gammo a ka.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya biyo baya. Wata tsohuwa mai dafa gishiri, wadda ke jin Hausa, ta gan shi ya koma zauren fatoma, ta kira shi ta ce, "Ɗana, kai kaɗai ake tambaya, ko kai ma kana tambaya?" Ya ce, "Iya, wa zan tambaya, ni da nake nema?" Ta ce ya zo ya tambaye su, su da ke ba da bashi, domin ba attajirin da ba su san halinsa ba. Su ne suka nuna masa wani Bakatsine da ke sauka a Awe, wanda bai taɓa ƙetare ranar biya ba. Kafin ya je gaishe shi sai da ya nemi tsofaffin yaransa, ya binciki inda suka ƙare. Ya tarar ɗaya yana da rumfarsa a Lafiya, wani maigidan ne ya yi masa aure. Ya tambayi wa ke ɗaukar asara idan kaya sun lalace a hanya, aka ce mai kaya. Nan ya zauna har aka sallame shi da jarinsa.

A ganina nan hikimar tsarin take. Yaro ba ya da albashi, amma an san abin da ke kan maigida: ci da sha, tufafin salla, magani, aure, sannan sallama da jari. Maigidan da ya saɓa, labarinsa zai riga shi isa zango na gaba, ya rasa yaran kirki, ya rasa masu ba shi bashi. Abner Cohen, wanda ya yi bincike a unguwar Sabo ta Ibadan ya buga littafinsa a 1969, ya tarar da irin wannan a cinikin goro da shanu: dukiya mai yawa tana yawo bashi, kuma sunan maigida ne jinginarta.

Ba zan ce zamanin duk alheri ba ne. Kafin zuwan Turawa, da yawa daga masu ɗaukar kayan nan bayi ne, ba wanda ya nemi ra'ayinsu kan wanda za su yi wa aiki. Cikin 'ya'ya ma akwai waɗanda suka yi furfura a gidan maigida suna jiran sallamar da ba ta zo ba, kuma ba takardar da za su kai gaban alƙali.

Kasuwar kanta ta juya. Kamfanin Neja, wanda ya sami izinin Ingila a 1886, ya riƙa hawo da gishirin Turai ta kogi zuwa Loko da Ibi. Jirgin ƙasa ya biyo ta Lafiya, aka buɗe gadar Makurdi a 1932, gishirin buhu ya cika kantuna. Tun 1993 kuma doka ta wajabta sa sinadarin aidin a gishirin ci, abin da ya ƙara fifita na kamfani a kan na gargajiya. Matan Keana suna nan suna dafawa, amma ayari ya watse, zauren fatoma ya zama tarihi.

Neman dai bai ƙare ba. Tun da Lafiya ta zama babban birnin Jihar Nasarawa a 1996, garin ya cika da masu rarraba kayan kamfanoni, da shagunan waya, da ƙananan bankuna, kuma kusan duk aikin da ake tallatawa na talla ne. Ɗan ƙanwata ya gama karatu ya yi ta zagaye da takardu a ambulan har takalminsa ya cinye. Wani kamfani ya ɗauke shi ba albashi sai kamasho, aka yanka masa adadin da zai sayar a wata, kuɗin mota daga aljihunsa, aka riƙe takardar shaidar karatunsa, aka sa ya kawo mai tsaya masa. Da wani mai shago ya gudu da bashi, daga kamashonsa aka cire. Ya zo mini ido ya faɗa, ya ce, "Kawu, in na bari ina zan je?" Na fahimci tsoronsa sarai, don mai jin yunwa ba ya son dogon bincike. Amma abin da ya same shi ya fi na da muni ta wani gefe: an ɗora masa duk nauyin yaron fatake, an cire duk abin da ke kan maigida. Yanzu yana wajen wani mai sarin kayan masarufi a kasuwar Lafiya, wanda muka tambayi tsofaffin yaransa kafin ya je, kuma suka yi yarjejeniya gaban shaidu.

Saboda haka ina kira ga attajiranmu da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa a Lafiya da Keana da Obi da Awe: duk yaron da za ku ɗauka, ku rubuta masa abin da zai samu, da wanda zai ɗauki asara, da shekarar da za a sallame shi, shugaban kasuwa ya sa hannu. Ku kuma samari, kafin ku miƙa takardunku ga kowa, ku nemi mutum biyu da suka taɓa yi masa aiki, da mutum ɗaya da ke binsa bashi, ku ji ta bakinsu.