Tun Daga Gaɓa: Nazari Kan Haɗarin Yawon Shan Iska a Kwale-kwale

Bahaushe ba baƙon ruwa ba ne. Masuntan Argungu da Sarkawan Yawuri sun gaji kwale-kwale kaka da kakanni, mai fito kuwa ya girmi gada a ƙasar nan. Baƙon abu shi ne hawa jirgi don nishaɗi kawai, irin wanda ake gani ranar Sallah a tafkin Jabi da ke Abuja ko a bakin madatsun ruwa irin na Tiga, inda ɗan birni zai biya kuɗi a zaga da shi a dawo. Wannan sabon fasinja bai san halin ruwa ba, galibi bai iya iyo ba, amma yana da abin da ɗan kasuwa mai tsallaka kogi ba shi da shi: ba abin da ya tilasta masa hawa. Hujjar wannan nazari ita ce yawancin abin da ke halaka mutum a tsakiyar ruwa, a bakin gaɓa ake yanke shi, lokacin da ƙafarsa ke kan tudu.

Manyan haɗurran da muka gani na jiragen fito ne, amma dalilansu ba su san bambanci ba. A watan Mayun 2021 jirgi ɗauke da sama da mutum 150 ya nutse kusa da Warra a jihar Kebbi. Ranar 30 ga Nuwamban shekarar wani ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai, aka rasa aƙalla rai 29, akasari ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. A Yunin 2023 fiye da mutum 100 sun rasu a yankin Pategi suna dawowa daga biki cikin dare. Abu uku ke maimaituwa: lodi fiye da kima, tafiya a lokacin da bai dace ba, da rashin rigar kariya.

Batun lodi ya fi yadda ake ɗaukarsa zurfi. Tazarar da ke tsakanin fuskar ruwa da bakin jirgi ita ce dukan jarin fasinja, kuma duk wanda ya ƙaru yana cin wani abu daga cikinta. Idan ta rage taƙi ɗaya, igiyar ruwan da wani jirgi mai inji ya tayar ta isa ta zubo ciki. Ruwan da ya shiga kuwa ba ya zama wuri ɗaya. Duk gefen da jirgi ya karkata can yake gangarawa, ya ƙara masa nauyi, karkatar ta ƙaru. Shi ya sa masunci ba ya rabuwa da ƙoƙon kwalfe ruwa, kuma ba ya jira sai ya taru.

Yadda aka zauna ma lodi ne. Kwale-kwale na zama daram ne muddin nauyinsa na ƙasa kuma a tsakiya. Mutum ɗaya ya miƙe tsaye, nauyin ya yi sama. Huɗu su ruga gefe guda, ya bar tsakiya. A nan mai yawon shan iska ya fi ɗan kasuwa shiga haɗari, domin ɗan kasuwa kan zauna kan buhunsa ya yi shiru, shi kuwa wannan da waya a hannu ya zo, kuma hoto ba ya kyau a zaune. Ni a ganina, matuƙin da ya bari aka miƙe masa a jirgi don hoto bai cancanci a sake hawa jirginsa ba, komai iya tuƙinsa.

Sai rigar kariya, wadda wasu ke kira rigar ruwa. Alƙaluman da dakarun tsaron gaɓar tekun Amurka ke fitarwa duk shekara kan jiragen nishaɗi kusan abu ɗaya suke nunawa: wajen kashi uku cikin huɗu na waɗanda suka mutu nutsewa suka yi, kuma fiye da kashi 80 cikin ɗari na waɗanda suka nutse ba su sanye da rigar. Rigunan ma suna suka tara. A ma'aunin ƙasa da ƙasa akwai masu lamba 50, 100, 150 da 275. Mai lamba 50 tallafi ce kawai ga wanda ya iya iyo a kusa da gaɓa. Mai 150 an tsara ta ne ta juyo da fuskar wanda ya suma sama. Sannan rigar da ba a ɗaure ba, ko ta babba a jikin yaro, kan zame ta kai da zarar an faɗa ruwa. Wadda aka shimfiɗa aka zauna a kai kuwa matashi ce.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman, wato sutura. Babbar riga, doguwar hijabi da zane kan naɗe hannu da ƙafa a cikin ruwa, har gwanin iyo ya kasa motsi. Wanda ya ce ai ya iya ruwa, a kududdufi ya koya da gajeren wando. Kuma nutsewa ba ta da ihu irin na fim. Mai nutsewa ba shi da numfashin kiran taimako, sau da yawa bai kai minti ɗaya a sama ba yake ɓacewa. Wanda ya yi tsalle don ceto ba tare da horo ba, shi ake riƙewa a tafi ƙasa tare. Miƙa gora ko filafili, ko jefa jarkar da ba komai a ciki, ya fi. In jirgin ya kife bai nutse ba, a manne masa, don gaɓa ta fi yadda ido ke gani nisa.

Lokaci da wuri kuma kowanne da nasa. Tafkunan Kainji da Tiga daji ne da gonaki ruwa ya shanye bayan gina madatsun a 1968 da 1974, kuma a irin waɗannan tafkuna kututturan bishiyoyi kan daɗe a ƙarƙashin ruwa. Da rana matuƙin wurin ya san su, da dare ko cikin hazon hunturu sai dai a ji karo. A farkon damina hadari kan taso daga gabas da yamma lis, iska ta riga ruwan sama isowa, tafkin da ke kwance ya hargitse cikin 'yan mintoci.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedikwata a Lakwaja, ta haramta tafiyar dare, ta kuma wajabta sanya rigar. Sai dai mashigun ruwa sun fi jami'anta yawa nesa ba kusa ba. A mafi yawan wuraren da baƙo zai hau, ba wanda zai ƙirga fasinjoji ko ya duba igiyar rigar sai Sarkin Ruwan wurin, in yana nan, ko kuma shi baƙon da kansa kafin ya miƙa kuɗinsa.