Modil ɗin C a cikin Python: abin da yake, da yadda ake rubuta shi

Python, harshen tsara manhaja da Guido van Rossum ɗan ƙasar Holan ya fitar a 1991, yana aiki ne ta bakin tafinta: wata manhaja ce ke bin umarnin ɗaya bayan ɗaya tana aiwatarwa. Shi ya sa yake da daɗin rubutu, amma yana da nawa idan lissafi ya kai ga maimaitawa sau miliyoyi. Harshen C kuwa, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙira a Amurka a farkon shekarun 1970, tun farko ake juya shi gaba ɗaya zuwa harshen da injin kwamfuta ke ji kai tsaye.

Modil na ƙari shi ne gadar da ke haɗa su. Ana rubuta ɓangaren aikin mai nauyi da C, a juya shi, sannan a kira shi daga Python da kalmar import kamar kowane modil. Abin ya yiwu ne saboda tafintan da aka fi amfani da shi, CPython, shi kansa da C aka rubuta shi. NumPy, wanda Travis Oliphant ya fitar da sigarsa ta 1.0 a 2006, a kan wannan dabara ya tsaya, kuma yawancin ayyukan lissafin kimiyya na Python a kansa suke.

Tsarin rubutun bai da tsawo. Ana fara wa da shigo da fayil ɗin Python.h. Kowane aiki yana karɓar abin da Python ya miƙo, ya mayar da shi lambobin C ta hanyar PyArg_ParseTuple, ya yi lissafinsa, ya maido da amsa. Sai a jera sunayen ayyukan a teburin PyMethodDef, a rufe da aikin buɗewa mai suna PyInit_ haɗe da sunan modil ɗin. Fayil ɗin da ke fitowa yana ƙarewa da .so a Linux, .pyd a Windows.

Inda gizo ke saƙar shi ne ƙidayar riƙo. CPython yana ƙirga wurare nawa ke riƙe da kowane abu da ke cikin ƙwaƙwalwar na'ura. Da ƙidayar ta sauka sifiri sai ya share abin. Mai rubuta Python zalla bai ma san ana yi ba. A cikin C kuwa, mai rubutu ne da hannunsa ke ƙarawa da Py_INCREF, yana ragewa da Py_DECREF. Idan ya manta ragewa, ƙwaƙwalwa za ta riƙa cika a hankali, sai bayan kwanaki sabar ta tsaya ba a san dalili ba. Idan ya rage fiye da kima, za a share abin da ake cikin amfani da shi, manhajar kuma na iya faɗuwa ba tare da saƙon kuskuren da Python ya saba bayarwa ba. Irin wannan ɓaraka ce kuma masu kutse ke nema.

Akwai kuma wahalar kulawa. Python 3, da ya fito a 2008, ya canza hanyar buɗe modil, dole aka sake gyara tsofaffin. A 2011 siga ta 3.2 ta kawo taƙaitacciyar hanya tsayayya wadda ke barin fayil ɗaya ya yi aiki a sigogin da suka biyo baya, ga wanda ya yarda ya tsaya a iyakarta.

Saboda haka da yawa ba sa rubuta C da hannu yanzu. Cython yana karɓar rubutu mai kama da Python ya fitar da C, har da ƙidayar riƙon. PyO3 yana ba da damar yin aikin da harshen Rust, wanda ke kama yawancin kurakuran ƙwaƙwalwa tun lokacin juyawa. Kafin duk wannan, ya kamata a auna a ga wane layi ne ke cin lokaci, domin sau da yawa NumPy ya riga ya tanadi aikin.