Ƙa'idar Tsawon Gine-gine a Birane

Ƙa'idar tsawon gini doka ce da hukuma take kafawa domin kada bene ya wuce iyakar da aka yanka masa. Mun ɗauki Washinton, babban birnin Amurka, a matsayin misali.

A shekarar 1894 aka gina wani bene mai suna Cairo a birnin, tsawonsa ƙafa 164, har ya fi ƙarfin tsanin 'yan kwana-kwana na wancan zamani. Hankalin jama'a ya tashi, majalisar ƙasa ta kafa doka a 1899, ta sabunta ta a 1910. Dokar ta ɗaure tsawon gini da faɗin titin da yake fuskanta: faɗin titi da ƙarin ƙafa 20, kuma a yawancin titunan kasuwanci kada ya haura ƙafa 130.

Shi ya sa ake hango ginin majalisa daga nesa, iska da hasken rana suna ratsa tituna. Sai dai masu suka suna cewa dokar ta ƙara tsadar fili da haya. An sake nazarinta a 2013, amma iyakar tana nan.

Muna jan hankalin jami'anmu na ƙananan hukumomi: kafin a amince da zanen bene, a duba faɗin hanya, da tsawon da kayan kashe gobara za su iya kaiwa, da ko tagoginsa za su leƙa tsakar gidan maƙwabta.