Gaya: Garin Maƙera Da Ya Daɗe Yana Jayayya Da Kano

Garin Gaya yana gabas da birnin Kano, gaba da Wudil, a ƙasar da Kogin Haɗeja yake shayar da gefenta na arewa, wajen Ajingi. Kogin ya samu ne daga haɗuwar Kogin Kano da na Challawa, kuma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yawan ruwan da ke isa fadamun yankin ya dogara da abin da aka saki daga can. Masu noman rani da masunta suna cin moriyarsa, amma da damina yakan yi ambaliya ya cinye gonaki.

Sai dai sunan Gaya ya fi tafiya da ƙira. Tarihin baka ya nuna cewa Abagayawa, maƙeran da suka zauna a gindin Dutsen Dala don neman tama, daga Gaya suka taso, kuma ana cewa daga sunan wani jagoransu, Kano, birnin ya samo nasa. Wannan ne ya sa Gayawa ke kallon garinsu a matsayin yayan Kano.

Littafin Tarihin Kano ya ambaci zuwan Agalfati, ɗan Sarkin Machina, wanda ya zama Sarkin Gaya a zamanin Sarki Yakubu (1452-1463). A zamanin Sarki Dadi (1670-1703) kuwa, Sarkin Gaya Farin Dutse ya yi tawaye, ya shekara uku bai kai haraji ba, har Sarkin Kano ya yaudare shi da kiran ganawa ya kashe shi. Abin mamaki, jikan Farin Dutse ne ya gaji Dadi, wato Muhammadu Sharefa (1703-1731), wanda mahaifiyarsa Mariyama 'yar Farin Dutse ce. A lokacinsa mutanen Gaya suka sami faɗa a fadar Kano, kuma Sarkin Gaya Jan Hazo ya kewaye garin da ganuwa. Garin da aka kashe sarkinsa saboda tawaye ya sami ganuwa a hannun ɗan wanda aka kashe.

Matsayin sarautar ya sake zama abin taƙaddama a wannan zamani. A 2019 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ɗaga Gaya zuwa masarauta mai daraja ta ɗaya, tare da Bichi da Rano da Ƙaraye, Alhaji Ibrahim Abdulƙadir ya zama sarki. Bayan rasuwarsa a 2021, ɗansa Alhaji Aliyu Ibrahim ya gaje shi. A Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu kan dokar da ta rushe masarautun, sannan a Yulin shekarar aka maido da Gaya a daraja ta biyu ƙarƙashin Sarkin Kano, da ƙananan hukumomi uku: Gaya da Ajingi da Albasu.