Yadda Masu Karatu Suka Raya Labarun Al'ajabi

Ƙagaggun labarun al'ajabi iri biyu ne. Akwai waɗanda aka gina bisa sihiri da aljanu da dodanni, irin su Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Akwai kuma waɗanda aka gina bisa ilmin kimiyya, inda marubuci kan dubi wani inji ko wani sani na zamaninsa, ya ƙaddara inda abin zai kai 'yan Adam nan gaba. Misalin wannan a Hausa shi ne Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda aka buga a 1969, labarin yaron da aka tafi da shi yawo sararin samaniya. A yau irin waɗannan littattafai suna cikin waɗanda aka fi saye a duniya. Amma a farkon ƙarni na 20 abin raini ne a ƙasar Amurka, malamai ba su ɗauke su karatu ba. Abin da ya fid da su daga wannan hali kuwa shi ne masu karatun kansu, da suka riƙa gaya wa juna abin da suka karanta suka ji daɗinsa.

Tun cikin ƙarni na 19 a ke rubuta labarun kimiyya. Jules Verne, mutumin Faransa, ya ba da labari a 1865 na waɗansu mutane da aka harba zuwa wata a cikin harsashin wata ƙatuwar igwa. H. G. Wells na Ingila kuma a 1898 ya rubuta yadda halittun duniyar Mars suka kawo yaƙi Landan. Sai dai labarun a warwatse su ke, ba su da suna ɗaya, ba su da gida ɗaya. Wanda ya karanta guda ya ji daɗi bai san inda zai sami wani ba, bai kuwa san wanda zai tambaya ba.

Mutumin da ya tara su wuri ɗaya sunansa Hugo Gernsback. An haife shi a ƙasar Luksamburg a 1884, ya ƙaura zuwa New York a 1904 yana saurayi, ya kama cinikin kayan rediyo, sa'an nan ya shiga buga mujallu. A watan Afrilu na 1926 ya fito da mujalla mai suna Amazing Stories, watau Labarai Masu Ban Mamaki, wadda ba ta ɗauke da kome sai labarun kimiyya. Kuɗinta senti 25. Bisa takarda mai araha a ke buga ta, irin wadda ba ta daɗewa sai ta yi ja ta farfashe. A fitowar fari ma babu sabon labari ko ɗaya, tsofaffin labarun su Verne da Wells aka sāke bugawa.

Wasiƙu suka yi ta zuwa ofishinsa, har a watan Janairu na 1927 ya keɓe musu fili a ƙarshen mujallar. A nan ne ya yi wani abu wanda a ido ƙarami ne: in ya buga wasiƙar mutum, sai ya sa sunansa da adireshinsa a ƙarƙashi. Masu rubutowa galibi samari ne da 'yan makaranta. Wani ya jera labarun watan jiya, ya ce wannan ya fi, wancan ba shi da armashi. Wani ya kama marubuci da kuskuren lissafi. Wani ya roƙa a sāke buga wani tsohon labari da ya ji ana yabo. To, yaron da ke zaune a wani ƙaramin gari, wanda ya ɗauka shi kaɗai ne a duniya mai son irin wannan karatu, sai ga shi ya ga sunayen 'yan'uwansa da inda za a same su. Abin da ya rage masa kan sarki kawai. Suka fara rubuta wa juna kai tsaye, suna ba juna sunayen littattafai, suna musayar tsofaffin mujallu ta gidan waya.

Iyaye da yawa ba su so abin ba. Isaac Asimov, wanda aka kawo shi Amurka daga Rasha yana ɗan shekara 3, ubansa na da kantin alewa inda a ke sayar da mujallu, amma ya hana shi taɓa su, ya ce shirme ne. Sai a 1929 yaron ya nuna masa wata da ke da kalmar kimiyya a cikin sunanta, ya ce ai wannan ilmi ne, sa'an nan uban ya ƙyale shi. Ya kan karanta a hankali don kada ta yamutse, ya mayar da ita wurinta a sayar.

A wannan shekara ta 1929 bashi ya karya kamfanin Gernsback, Amazing Stories ta fita hannunsa. Da ma an san shi da jinkirin biyan marubuta haƙƙinsu. Ya kafa waɗansu mujallu, amma a lokacin masu karatu sun riga sun san juna, zumuncinsu bai dogara gare shi ba. A watan Mayu na 1930 wata ƙungiya ta masu rubuta wa juna wasiƙa ta fito da 'yar mujallarta mai suna The Comet, watau Tauraruwa Mai Wutsiya. Daga nan irinta suka yawaita. Da tafireta a ke rubuta su, a gurza a ƙaramin inji, a aika wa 'yan'uwa, ba don riba ba. Ɗaya daga cikin editocin The Comet, Raymond Palmer, shi ne ya zama editan Amazing Stories a 1938, shi ne kuwa ya buga labarin Asimov na fari a watan Maris na 1939. Watau mai karatu ya hau kujerar edita, ya buɗe wa wani mai karatu ƙofa.

Daga wasiƙa sai son ganin fuska. A 1934 Gernsback ya kafa wata ƙungiya mai rassa a garuruwa da dama, har da Ingila. Reshen garin Leeds ya kira taro a watan Janairu na 1937, mutum wajen 20 suka zo, cikinsu har da wani saurayi ma'aikacin gwamnati, Arthur C. Clarke, wanda daga baya sunansa ya game duniya. A reshen Los Angeles kuwa akwai Ray Bradbury, ɗan talakawa, mai sayar da jarida a bakin titi. Ba shi da kuɗin shiga jami'a, ɗakin karatu na gari shi ne makarantarsa. Da aka shirya babban taro na farko a New York a watan Yuli na 1939, abokinsa Forrest Ackerman ne ya ranta masa kuɗin mota ya je. Mutum wajen 200 suka hallara. Taron bai rasa rigima ba, gama an tsai da mutum 6 a bakin ƙofa an hana su shiga saboda saɓanin siyasa da ke tsakaninsu da masu shirya taron. Yaƙin Duniya na Biyu ya tsai da taron daga 1942 zuwa 1945, aka ci gaba a 1946.

Amfanin wannan zumunci ya bayyana ƙwarai a kan wani marubucin labarun ban tsoro, H. P. Lovecraft. Ya mutu a watan Maris na 1937 cikin talauci, labarunsa kuwa suna warwatse cikin mujallu masu arahar takarda, waɗanda a kan karanta a yar. Da an bar su haka da sun ɓace. Amma shi mutum ne mai yawan rubuta wasiƙa, ya kan faɗa wa ƙananan marubuta abin da ya kamata su karanta. Biyu daga cikinsu, August Derleth da Donald Wandrei, suka tattara labarun suka kai wa manyan kamfanonin ɗab'i, aka ƙi karɓa. Sai suka kafa nasu kamfanin a 1939, suka buga kwafi 1,268, aka yi wajen shekara 4 kafin su ƙare. Derleth kuwa bai taɓa ganin Lovecraft da ido ba, wasiƙa kaɗai ta haɗa su. Masu karatu na baya sun riƙe labarun, amma ba su rufe ido ga aibin mai su ba, gama rubuce-rubucensa sun nuna ƙiyayyarsa ga baƙar fata ƙarara. Saboda haka bayan 2015 aka daina ba da wata kyauta da a ke yi da siffar kansa.

A Ingila ma, a daidai waɗannan shekaru, shaidar mai karatu guda ce ta fito da littafin da ya zama tushen labarun sihiri na zamani. Wani malamin jami'ar Oxford, J. R. R. Tolkien, ya rubuta wa 'ya'yansa labari mai suna The Hobbit, ya riƙa ara wa abokai rubutun. Daga hannun wata tsohuwar ɗalibarsa labarin ya kai ga wata ma'aikaciyar kamfanin ɗab'i a Landan. Mai kamfanin, Stanley Unwin, yana ganin yara su suka fi sanin abin da ya dace da yara. Don haka a 1936 ya miƙa wa ɗansa Rayner, mai shekara 10, ya ce ya karanta ya rubuto ra'ayinsa, ladansa sule ɗaya. Yaron ya yaba. Aka buga kwafi 1,500 a watan Satumba na 1937, kafin ƙarshen shekara sun ƙare. Rayner ɗin nan, bayan ya girma ya shiga aikin ubansa, shi ne ya tsaya aka buga babban littafin Tolkien, The Lord of the Rings, a 1954 da 1955, alhali ya ƙiyasta kamfanin na iya yin hasarar fam 1,000 a kansa. Da aka yi bugu mai araha a Amurka a 1965, 'yan jami'a suka riƙa miƙa wa juna shi, har ya zama ruwan dare.

A taron 1953, wanda aka yi a Filadalfiya, masu karatu suka mai da wannan al'ada tasu ta yabon littafi ta zama kyauta. Kowane ɗan taro ya jefa ƙuri'a ga abin da ya fi so, littafin Alfred Bester mai suna The Demolished Man ya ci. Ba a yi ba a 1954, amma tun daga 1955 ba a fasa ba. Aka sa wa kyautar suna Hugo don tunawa da Gernsback, wanda ya rayu har 1967 ya ga abin da idonsa. Ba alƙalai ko malaman jami'a ke zaɓe ba, masu karatu ne. Da yawansu ya ƙaru, sai zaɓinsu ya faɗaɗa. A 2015 littafin Liu Cixin na ƙasar Sin ya ci, shi ne littafi na farko da aka fassaro daga wani harshe ya sami wannan daraja. A 2016 kuma Nnedi Okorafor, wadda iyayenta 'yan Nijeriya ne, ta ci da labarinta mai suna Binti.

Mujallun nan na 1926 yawancinsu sun ruɓe tuni, amma labarun da masu karatu suka yaba wa juna suna nan ana sāke buga su. Waɗanda suka yi wannan aiki kuwa 'yan makaranta ne da mai sayar da jarida da yaro ɗan shekara 10, jarinsu iya karatu da rubutu da kuɗin kan sarki. Duk wanda ya gama littafi ya gaya wa maƙwabcinsa sunansa, ko ya ara masa shi, irin aikinsu ya ke yi.