Shiga Sojan Ruwa Ga Wanda Shekarunsa Suka Ɗan Ja: Abin Da Ya Kamata Ya Sani

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Wannan bayani ne ga 'yan'uwa na Adjamé da Treichville masu niyyar shiga rundunar sojan ruwa ta Kodebuwa, alhali sun kusa iyakar shekarun da hukuma ta gindaya.

Asalin aikin

Tsaron teku aiki ne mai asali a Musulunci. Mu'awiya ɗan Abu Sufyan ya kafa rundunar ruwa ta farko a zamanin Halifa Usman, aka je tsibirin Ƙubrus a shekara ta 28 bayan Hijira. Cikin waɗanda suka je akwai Ubada ɗan Samit da matarsa Ummu Haram, Allah Ya yarda da su. A yau babban sansanin sojan ruwan ƙasar nan yana Locodjro, a bakin tafkin Ébrié, kuma aikinsu shi ne kare tashar jiragen ruwa ta Abijan da yaƙi da 'yan fashin teku da masu satar kifi.

Takardu

Ana buƙatar shaidar zama ɗan ƙasa, da takardar haihuwa, da shaidar kotu cewa ba a taɓa hukunta mutum ba. Iyakar shekaru tana cikin sanarwar kowace ɗauka, don haka a karanta ta daga hukumar soja, wadda hedkwatarta ke barikin Galliéni, ba nisa da mararrabar Indénié. Kada a saurari dillalan bakin titi.

Rage shekaru

Nan ne babbar jarrabawar take. Abin da ake kira "René Caillé" a Abijan, wato sake takardar haihuwa don rage shekaru, shaidar zur ce, kuma tana cikin manyan zunubai. Haka ba da cin hanci don a sa suna. Wanda ya yi haka ya ƙwace gurbin wani, ya kuma gina albashinsa da fanshonsa a kan ƙarya. Idan asiri ya tonu, kora ce da kotu. Wanda shekarunsa suka wuce, ya nemi aikin jiragen kasuwanci ta makarantar ARSTM da ke Yopougon, ko aiki a tashar jiragen ruwa. Arziƙi ba ƙofa ɗaya gare shi ba.

Shirin jiki da iyali

A fara gudu da motsa jiki watanni kafin gwaji, a daina taba, a duba hawan jini da ido. A koyi iyo a hannun gwani. Akwai wurin iyo na gwamnati a Treichville. Mai iyali ya shawarci iyaye da mata, ya biya bashi, ya tanadi abin cefane na tsawon horo.

Biyayya ga ƙarami

Wanda ya girme wa mai ba shi umarni kada ya ji ƙyashi. Manzon Allah (SAW) ya shugabantar da Usama ɗan Zaid, yana saurayi, a kan rundunar da manyan sahabbai ke cikinta.

Ibada a teku

Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi. Ana sallar farilla a jirgi a tsaye idan an iya, a fuskanci alƙibla, a juya idan jirgin ya juya. A mazhabar Malikiyya ana ƙasaru idan tafiya ta kai mil 48.

Allah Ya sa mu dace. Wallahu a'alam.