Tarihin Saƙar Suwaita da Hannu: Daga Masunta Zuwa Masu Sha'awa

Saƙar suwaita da hannu aiki ne na zare guda da dogayen allurai biyu ko fiye, waɗanda masu saƙa ke kira kibiya. Ta sha bamban da aikin masaƙa, inda ake gicciya zaren tsaye da na kwance. A nan zare ɗaya ake lanƙwasawa ido-ido, kowane ido ya ratsa na ƙasansa, layi bisa layi, har riga ta tashi. Shi ya sa abin da aka saƙa yake miƙewa ya dawo, ya kama jiki, ya riƙe ɗumi, kuma shi ya sa in aka samu bakin zaren aka ja, sai rigar ta warware gaba ɗaya. Ido iri biyu ne kawai, na gaba da na baya, kuma duk adon da ake gani a jikin suwaita daga sarrafa su yake fitowa.

Mafi tsufan kayan saƙar kibiya da aka tono daga Masar suka fito: safunan auduga masu adon shuɗi da fari, na tsakanin ƙarni na 11 da na 13. Kyan aikinsu ya nuna cewa sana'ar ta girme su, don ba hannun ɗan koyo ba ne. Daga ƙasashen Musulmi ta tsallaka Turai ta Andalus. A wani gidan ibada kusa da birnin Burgos an samu matashin kai saƙaƙƙe da siliki a kabarin yarima Fernando de la Cerda, wanda ya mutu a 1275. Amma ƙarnuka suka shuɗe Turawa ba su damu da saƙa rigar sanyi ba. Hula, safar ƙafa da safar hannu su ne kayan kasuwa, kuma a manyan birane maza ne ke riƙe da sana'ar, da ƙungiyoyinsu da shekarun koyo a gaban maigida. A Ingila har doka aka yi a 1571 da ta tilasta wa talakawa daga ɗan shekara 6 sanya hular ulu ta gida ranar Lahadi da ranakun biki, don kada masu saƙar hula su rasa ciniki. A 1589 wani mai suna William Lee, mutumin Calverton kusa da Nottingham, ya ƙera injin saƙa safa. Bai samu goyon bayan fadar Ingila ba, ya ɗauki injinsa ya tafi Faransa.

Injin bai kashe saƙar hannu nan take ba, sama da shekara 200 suna tafiya tare. Dalili kuwa, kibiya ba ta da tsada, ana shiga da ita ko'ina, kuma hannun talaka ya fi inji araha. A ƙauyen Dent na arewacin Ingila, maza da mata da yara duk saƙa suke yi, sun yi suna wajen sauri. A tsibirin Jersey ribar safa ta ɗauke hankalin mutane har hukuma ta hana saƙa a lokacin girbi a farkon ƙarni na 17, saboda gonaki sun rasa ma'aikata. A tsibiran Shetland, can arewacin Sikotland, mace kan ɗaura ɗamarar fata mai ƙulli cike da gashin doki, ta soke kibiya ɗaya a ciki don hannun dama ya samu 'yanci, tana tafe da kwandon makamashi a baya tana saƙa. Babu wanda zai kira wannan nishaɗi. 'Yan kasuwar tsibiran ba sa biyan matan da kuɗi, sai dai su ba su ganyen shayi, yadi ko wani kayan kanti a farashin da suka ga dama. Zaluncin ya yi ƙamari har gwamnati ta aika kwamitin bincike a 1872, kuma bayanan da matan suka bayar na nan a rubuce.

Suwaita irin wadda aka sani yau a bakin teku ta samu gindin zama, a ƙarni na 19, a jikin masuntan Birtaniya. Rigarsu, wadda ake kira gansi, ta cancanci a dube ta da kyau, don kowane ɓangarenta akwai dalilinsa. Zarenta ulu ne mai murɗi biyar, shuɗi mai duhu, ana saƙa shi a matse da siraran kibiyoyin ƙarfe har iska ba ta ratsawa, ruwan yayyafi kuma ya zame. A zagaye ake saƙa ta kamar buhu, babu ɗinkin da zai yage. A hammata ana sa wani ƙyalle mai siffar lu'ulu'u domin masunci ya ɗaga hannu ya ja koma ba tare da rigar ta tattare ba. Ado a ƙirji yake taruwa, inda kaurinsa ke ƙara ɗumi, ƙasa kuwa a bar shi fili. Hannun riga daga kafaɗa ake saƙo shi zuwa wuyan hannu, saboda in baki ya cinye sai a warware shi kaɗai a sake, kuma akan gajarta shi don kada ya jiƙe ko ƙugiya ta kama. Yawanci gaba da baya iri ɗaya ne, mai ita ya riƙa juyawa don gwiwar hannu da ƙirji su tsufa daidai. Uwa ko mata ko budurwa ce ke saƙawa, wani lokaci ta sa haruffan sunan mai rigar a ƙasa. 'Yan matan Sikotland da ke bin jiragen kamun kifi gari-gari har Great Yarmouth suna gyaran kifi, su ne suka yaɗa salon ado daga wannan tasha zuwa waccan, suna kwaikwayon abin da suka gani a jikin wasu.

Wannan yawo na ado shi ke raunana labarin nan da ya shahara, wai kowane gida na da adonsa na gado don a gane gawar masuncin da teku ta ci. Mace na iya gane aikin hannunta, wannan ba abin musu ba ne, kuma a wasan kwaikwayon J. M. Synge na 1904 wata yarinya ta gane ɗan'uwanta da ya nutse ta hanyar safar da ta saƙa masa. Amma tsarin ado na dangi-dangi, masana tarihin saƙa ba su same shi ba. Masu sayarwa ne suka ga labarin na jawo ciniki suka riƙe shi.

Suwaita mai buɗaɗɗen gaba da maɓallai, wato kadigan, daga fagen yaƙi ta samo suna. James Brudenell, mai riƙe da sarautar Cardigan na 7, shi ya jagoranci baraden Birtaniya sama da 600 suka afka wa igwogin Rasha a Balaclava ranar 25 ga Oktoba, 1854, a Yaƙin Kirimiya. Kuskuren umarni ne ya jawo harin, aka yi asarar rayuka da dawakai, amma ya koma gida ana yi masa kirarin jarumi, sai aka laƙaba sunansa ga 'yar rigar ulu mai maɓalli da hafsoshi ke sawa. Yaƙin nan ne kuma ya bar sunan Balaclava a kan hular da ke rufe kai da wuya, irin wadda aka riƙa aika wa sojojin da sanyi ya addaba.

A wannan zamanin ne saƙa ta shiga ɗakunan masu hali. Matan attajirai, da ba su da aikin fita, suka ɗauke ta abin rage lokaci, suna saƙa jakar kuɗi, mayafi da kayan jarirai. Babban abin da ya canza shi ne rubutu. A da, daga hannun uwa ake koyo, da ido da ƙwaƙwalwa. Jane Gaugain, mai kantin zare a Edinbara, ta buga littafin umarnin saƙa a 1840 wanda ya samu karɓuwa sosai, ta yi amfani da gajerun alamomi a madadin dogon bayani. Daga nan wadda ba ta taɓa ganin teku ba tana iya saƙa abin da aka tsara a wani gari. Sai dai littattafan farko ba sa faɗin kaurin zare ko matsin ido yadda ya kamata, abin da zai fito sai an gama a gani.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya mayar da kowa masaƙi. Ramukan yaƙi cike suke da ruwa da taɓo, ƙafar soja na ruɓewa in babu busasshiyar safa. Sarauniya Mary ta yi kira a 1914, aka duƙufa a makarantu, jiragen ƙasa da majami'u. Ostireliya kaɗai ta aika safa sama da ƙafa miliyan ɗaya, a Amurka kuma ƙungiyar Red Cross ta raba zare da takardun umarni, har yara maza da tsofaffi suka shiga. Da yaƙi ya ƙare, miliyoyin mutane sun iya kibiya, babu kuma sojan da za a saƙa wa. Sai suka juya kan kansu, daidai lokacin da tufafin mata ke sassautawa, wasanni irin su golf da tanis ke neman riga mai sakin jiki.

Shekarun 1920 su ne suka ɗaga suwaita daga kayan aiki zuwa kayan ado. Yariman Wales, wanda ya zama Sarki Edward na 8, ya fito filin golf na St Andrews a 1922 sanye da suwaitar Fair Isle, ɗan ƙaramin tsibiri tsakanin Orkney da Shetland wanda mazaunansa ba su kai 100 ba a yau. Salon launuka ne jere-jere, amma dabararsa ita ce launi biyu kawai ake riƙewa a kowane layi, wanda ba a amfani da shi ya bi ta baya, rigar ta zama ninki biyu. Kasuwa ta buɗe wa matan tsibiran. A Paris, Elsa Schiaparelli ta yi suna a 1927 da baƙar suwaita mai hoton farin ƙulli a wuya, wadda matan Armeniya 'yan gudun hijira suka saƙa mata da hannu. Kamfanonin zare, irin su Patons da Baldwins da suka haɗe a 1920, suka gane cewa takardar umarni mai arha ita ke sayar da ulu, suka cika kantuna da ita.

Suwaitar Aran ta yammacin Ayaland, fara mai kauri mai adon igiya a murɗe, da yawa na ɗaukarta tsohuwar gado ce ta dubban shekaru, alhali a farkon ƙarni na 20 ta bayyana, daga gansin masunta. An fara sayar da ita a wani kanti a Dublin a shekarun 1930. Wani ɗan kasuwar zare mai suna Heinz Kiewe shi ya ƙaga mata ma'anoni na addini da na tarihi, kowane ado da fassararsa. Da mawaƙan Clancy Brothers suka fito da ita a talabijin ɗin Amurka a 1961, sai odar ta fi ƙarfin masu saƙar.

A Yaƙin Duniya na Biyu Birtaniya ta ƙayyade sayen tufafi da katin rabo daga Yunin 1941 har 1949, ulu ma sai da kati. Mata suka riƙa warware tsohuwar suwaita, su naɗe zaren, su wanke shi ya miƙe, su sake saƙa wata. Gajerun riguna masu kama jiki da adon ratsi-ratsi na lokacin daga ƙarancin zare suka samo asali, don guntaye ake harhaɗawa.

Bayan yaƙi zaren roba na akirilik ya shigo kasuwa a wajajen 1950, mai arha, mai jure wanki, asu kuma ba ya cin sa. Irinsa ne aka fi sani a ƙasar Hausa da sunan ulu, wanda ake saƙa hula, safa da rigar jariri da shi a cibiyoyin koyar da mata sana'a, cinikinsa ya tashi da shigowar hunturu. A Turai da Amurka kuwa shekarun 1950 da 1960 su ne ganiyar saƙar gida, ana koyar da ita a makaranta, kuma har lokacin ta fi sayen ta kanti sauƙi. A tsakiyar ƙarnin nan ne Nowe ta samu adon Marius, wanda Unn Søiland ta tsara a 1953, Aisland kuma ta samu suwaitarta mai zoben ado a kafaɗa.

Mutum ɗaya da ta sauya tunanin masu saƙar sha'awa ita ce Elizabeth Zimmermann, haifaffiyar Ingila da ta zauna a Amurka. A littafinta na 1971 da rubuce-rubucenta na baya ta koyar da cewa ba dole ba ne a bi takarda ido rufe. A fara saƙa ɗan ƙyallen gwaji, a ƙirga ido nawa ke cikin inci ɗaya, a ninka da faɗin ƙirji, sannan a fitar da hannu, wuya da hammata a matsayin kaso na wannan adadi. Ta kuma dawo da saƙar zagaye marar ɗinki, wato dai hanyar matan masunta, amma da lissafi a rubuce.

Daga ƙarshen shekarun 1980 kayan masana'antun Asiya suka karya farashi, har kuɗin zaren suwaita ɗaya ya fi na gamammiyar riga a kanti. Kantunan ulu da dama suka rufe, makarantu suka daina koyarwa. Shetland kanta ta soke darasin saƙa a makarantunta a 2010 don rage kashe kuɗi, a shekarar da aka fara bikin makon ulu na tsibiran, wanda yanzu ke jawo baƙi daga ƙasashe da yawa. Waɗanda suka koma wa kibiya tun farkon shekarun 2000 ba don rahusa suka koma ba. Suwaitar babban mutum na cin dubun-dubatar ido da makonni na aiki, kuma masu yi sun fi neman ulu na ainihi, rinin hannu, da sanin irin tunkiyar da aka aske. Bidiyon intanet ya maye gurbin kaka wajen koyarwa, kullen annobar korona a 2020 ya ƙara yawan masu koyo, maza ma suka dawo cikin harkar a fili. A gasar Olamfik ta Tokyo a 2021 an ga ɗan wasan Birtaniya Tom Daley, wanda ya ci zinare a tsalle cikin ruwa, zaune cikin 'yan kallo yana saƙa, kuma kafin a tashi gasar ya gama kadigan mai tambarin tawagar ƙasarsa.